Sunan da Ba Ya Fita a Bakin Goggo

Ƙofar Durbi, Katsina
6 ga Yuni

Ɗiyata Suwaiba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya aiki, ya zaman daji, ya haƙuri da sauro? Mu nan lafiya lau muke, alhamdu lillahi, sai ɗan ciwon gwiwa da ke tasowa duk lokacin da hadari ya haɗu. Ruwa ya sauka, mutanen Batagarawa har sun yi shuka.

Na san sai kin yi tunani kafin ki gane ni. Ni ce Hajo, wadda kika kira Goggo sau biyu kacal a rayuwarki: ranar bikin ɗiyata Kulu, da ranar da muka zo Legas gaisuwar mahaifinki, Allah ya jiƙan Lawal. Ni da shi kakanmu ɗaya. Shi aikin soja ya ja shi kudu ya haife ku a bariki, ni kuma na zauna nan ina koyar da 'yan firamare har na yi ritaya. Saboda haka kada kyan rubutuna ya ba ki mamaki, shekara talatin da biyar na yi ina riƙe da alli.

Habibu direba, wanda ke kai maku shinkafa da mai duk bayan mako biyu, maƙwabcin Kulu ne a Ƙofar Kwaya. Shi ya ba mu labarin wata kyaftin a sansaninku mai suna Suwaiba Lawal, wai likita ce amma ba ta allura, ba ta ba da ƙwaya, sai dai ta zaunar da mutum su yi ta hira. Na ce wannan jininmu ce, hira ai gadon gidanmu ne. Ban dai san ana ba mutum anini uku a kafaɗa saboda ita ba, da ni ma tuni na shiga soja.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Tun da aka yanke layukan waya a yankinku ba mu jin ɗuriyar kowa. Akwai wani yaro a cikinku, kofur ne, ɗan gidan marigayi Malam Bala na Batagarawa. Dogo ne, da tabo a haɓa, ba ya son yawan magana. Wata huɗu ke nan ba a ji daga gare shi ba. In Allah ya haɗa ku ki gaishe shi, ki kuma duba mini ko yana cin abinci. Ba wani abu ba ne, mutanen gida ne ke tambaya.

Ga dakuwa nan ƙulli biyu. Ɗaya naki ne, ɗayan kuwa kin san yadda za ki yi da shi.

Goggonki,
Hajo

Sansani
19 ga Yuni

Goggo,

Wa alaikumus salam. Na gaishe ki da kyau, ya gwiwa, ya Kulu da yaranta? Ni lafiya ƙalau. Wallahi na gane ki tun layin farko. Ke ce kika ce Hausata kamar an wanke ta da ruwan teku, ban manta ba, don haka ki yi haƙuri da abin da za ki gani. Ba a yarda mu rubuta sunan inda muke ba, shi ya sa na ce sansani kawai.

Habibu bai yi ƙarya ba. Aikina shi ne lura da hankalin sojoji da abin da ke damun zukatansu bayan abubuwan da suke gani a daji. Ni kaɗai ce a kan mutum kusan ɗari shida. An ba ni tanti da kujeru biyu, amma wata na farko kujera ta biyu sai ƙura take tarawa, don sun sa wa wurin suna tantin mahaukata. Wanda aka gani ya shiga, sai abokansa su fara kallonsa a kaikaice. Da na ga haka sai na bar tantin. Yanzu bakin rijiyar burtsatse nake zuwa da bokitina lokacin da suke wanki, in yi ta cuɗa kakin da bai yi datti ba. Mutum yana kallon kumfa ya fi sakin baki a kan yana kallon idona. Duk da haka, in na ce ya jiki, amsa ɗaya ce daga kofur har saje: lafiya lau, ranki ya daɗe.

Na sami mutuminki, Kofur Nu'uman Bala. Dama na san shi. Na ce masa wata goggona a Ƙofar Durbi ta ce in gaida ɗan gidan Malam Bala. Ya daina wankin, ya dube ni ya ce, “Haka ta ce? Ɗan gidan Malam Bala?” Na ce haka ta rubuta. Ya ce, “To, ina amsawa.” Ya ɗauki bokitinsa ya tafi, bai ko ɗauraye kayan ba. Ban san abin da na taɓo ba.

Yana cin abinci, amma ba sosai ba. Abin da ya wuce wannan ba zan iya faɗa ba, don abin da soja ya gaya mini amana ce, ko kwamanda ba ya jin duka.

Sai dai ina da tambaya. A takardunsa, inda ake rubuta wanda za a nema in wani abu ya faru, har yanzu sunan Malam Bala ne, ga shi kuwa ya rasu bara. Na ce ya canza, ya ce a bar shi haka. Mahaifiyarsa tana raye? In kin san ta, don Allah ki gaya mini inda take. Ina bukatar ta.

Dakuwar ta yi daɗi. Ƙulli na biyun na gane nufinki, na ba masu dafa mana abinci, sun ce a yi miki godiya.

Taki,
Suwaiba

Ƙofar Durbi
3 ga Yuli

Kyaftin 'yar bariki,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, gwiwa da sauƙi, gero ya kai gwiwar mutum a gonaki. Kulu na gaishe ki.

Masu dafa abinci! Na karanta wannan layin na ajiye takardar, na rasa ko dariya zan yi ko kuka. Kwana biyu na yi ina soya gyaɗa da aya, na sa barkono daidai yadda yake so tun yana ƙarami, ke kuma kika ba kuku. Allah ya jiƙan Lawal, amma ya bar ku a kudu ba ku san komai ba.

Kina tambaya ko uwarsa na raye. Ita ce ke rubuto miki.

Bari in yi miki karatu tun daga baƙi, tunda aikina ne. Yaron ga shi ne ɗana na fari. A wajenmu mace ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Wannan ita ce alkunya. Nasa kuma ya zo biyu, don sunan surukina aka sa masa, mahaifin maigidana, wanda ko a mafarki ban isa in ambata ba. Da aka yaye shi sai yayan maigidana, Malam Bala, ya ɗauke shi riƙo zuwa Batagarawa, ya sa shi makaranta da sunansa. Ban hana ba, haka aka yi wa uwata, haka aka yi wa kakata. In ya zo gaishe ni ya durƙusa daga bakin ƙofa, in ce “Kai, an zo lafiya?” in kau da kai. Ko a aji, in na zo kan yaro mai irin sunansa a rajista, sai in ce “mai sunan Malam”, yaran duk sun saba.

Kada ki ɗauka rashin so ne. Na haifi biyar bayansa, na kira sunayensu har maƙogwarona ya bushe, amma babu wanda nake leƙe ta taga in zai tafi sai shi. Ranar da ya shiga soja ban raka shi ko zaure ba, kuma ban iya cin abinci ba sai da aka kwana biyu. Ya san haka. Ai dole ya sani, a nan ya tashi ba a Legas ba.

Yanzu da kin san ko ni wace ce, sai ki bar zancen amana. Me ke damunsa? Me ya sa kike neman uwarsa? Likita ba ya neman uwar mai lafiya. Ki gaya mini gaskiya, ni ba yarinya ba ce.

Ga wata dakuwar. Na rubuta a jikin ledar da manyan baƙaƙe, BA TA KUKU BA CE.

Goggonki

Sansani
17 ga Yuli

Goggo,

Ina gaisuwa, ina kuma neman gafara. Lafiyata ƙalau, sai kunya da ta kama ni tun da na karanta takardarki. Dakuwar ta isa hannun mai ita. Ya karanta abin da kika rubuta a leda, ya yi ɗan murmushi, na farko da na gani a fuskarsa.

Goggo, ko da kike uwarsa amana tana nan. Amma na tambaye shi ko zan iya faɗa miki, ya ce, “Ki faɗa mata in kina so, ba abin da zai sake.” Don haka da izininsa nake rubuta wannan.

A watan Afrilu an yi wa motocinsu kwanton ɓauna. Abokinsa Muttaka ya rasu a gefensa. Shi kuma ya gangara cikin wani kwazazzabo da rauni a cinya, ya yi yini da rabi shi kaɗai ba ruwa. Da rana ta take, sai ya ji murya daga sama tana kiran sunansa, har sau uku. Muryarki ce. Ya ce har ya dafa ƙasa zai miƙe ya amsa, sai ya ce wa kansa, wannan ba gaskiya ba ne, ita ba ta taɓa kirana ba. Ya koma ya lafe. Jim kaɗan maharan suka wuce ta bakin kwazazzabon a kan babura. Da ya miƙe, da sun gan shi.

Raunin cinya ya warke. Abin da bai warke ba shi ne wannan tunanin: wai abin da ya tsirar da shi shi ne tabbacin da yake da shi cewa uwarsa ba za ta kira shi ba. Na san me alkunya take nufi yanzu, shi ma ya sani da kansa. Amma sanin kai daban, abin da zuciya ta riƙe a cikin rami daban. Malam Bala da ke kiransa ya tafi, Muttaka ya tafi. Ya ce mini babu mai jiransa.

Sauran kuwa kowa a sansani yana gani. Duk sintirin da za a fita shi ne farkon ɗaga hannu. Sau biyu ana kama shi ya bar rigar sulke a tanti. Ya kyautar da rediyonsa da sabon takalminsa. Kwamanda yana ganin jarumi, ban kuma ga laifinsa ba, mutanensa sun yi kaɗan, ga daji da faɗi. Ni kuwa abin da nake gani mutum ne da ya daina kula ko zai dawo.

Hanya biyu gare ni. In ya yarda da kansa ya sa hannu, za a ba shi hutun mako shida, ya zo Katsina yana ganin wani abokin aikina a asibitin soja, ya koma bakin aiki ba tare da tabo ba. In ya ƙi, dole in rubuta rahoto a janye shi a karɓe bindigarsa, kuma wannan zai zauna a fayil ɗinsa. Ranar da na yi haka, su ma 'yan bakin rijiyar za su daina yi mini magana, za su ce ga abin da hira da kyaftin ke jawowa. Kwamanda ya ba ni zuwa ƙarshen Agusta, don farkon Satumba za a shiga daji sosai. Na yi masa tayin hutun sau uku. Amsarsa ɗaya, “In je wurin wa?”

A ƙa'idar aikinmu ma, tunda ya zama ɗan'uwana, kamata ya yi in miƙa shi ga wani. Babu wanin. Ni kaina, Goggo, wani lokaci in na gama sauraron mutum goma sai in rasa wanda zan gaya wa nawa. Takardunki ne kaɗai kujerata ta biyu.

Roƙona ɗaya. Ki rubuto masa da hannunki, ki ce ya zo gida. Ki kira shi da sunansa.

Suwaiba

Ƙofar Durbi
31 ga Yuli

Suwaiba,

Sallama. Muna lafiya.

Na karanta. Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Amma abin da kika nema ba zai yiwu ba, kuma ban ji daɗin yadda kika nema ba. Shekara ashirin da tara ina riƙe da wannan abu, sa'annan yarinyar da ba ta san wa ake ba dakuwa ba ta ce in yar da shi a cikin ambulan. In na rubuta sunan surukina, da wane ido zan dubi dangin maigidana? Kulu ma sai ta ce tsufa ya fara taɓa ni.

Sai kuma maganar rahoto. Na karanta wurin sau huɗu. Wato za ki rubuta cewa ya taɓu, a karɓe bindigarsa a gaban abokansa a koro shi gida. Kin san garin nan kuwa? Kafin ya sauka daga mota labari ya kai Batagarawa. Wa zai ba shi 'ya? Ni ban taɓa faɗin sunan nan ba saboda girmansa, ke kuma za ki ɓata shi da biro cikin minti biyar. Ban yarda ba. In jinin Lawal ne a jikinki, kada ki yi.

Wanda ya kwana a rami ya ga mutuwar abokinsa dole ya ji muryoyi, wannan firgita ce, addu'a take so. Na sa an yi masa saukar Alƙur'ani a masallacin unguwa. Ga rubutu nan a jarka, ki ba shi ya sha safe da yamma. Ki ce masa mutanen gida suna gaishe shi, kuma ɗakin zaure yana nan a share in ya ga dama. Zai gane.

Hajo

Ƙofar Durbi
21 ga Agusta

Ɗiyata,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ku da rai da lafiya, ke da duk wanda ke tare da ke. Ni jikina lafiya, hankalina ne ba ya kwance.

Mako uku ke nan ba amsa. Habibu ma tun da ya tafi da takardata bai dawo ba, matarsa kullum tana gidan Kulu. Da farko na ce fushi kika yi, kuma kina da gaskiya, na yi miki magana mai zafi. Sai ranar Laraba wata mai sayar da kuka a kasuwa ta ce ta ji an kai wa sojoji hari a wajenku. Ba ta san wuri ba, ba ta san rana ba, amma ta gama da ni.

Jiya da hantsi na ɗauki mayafi na hau keke napep ni kaɗai zuwa bariki. Sojan da ke bakin ƙofa yaro ne mai ladabi, har kujera ya ba ni. Na ce ina neman labarin wani kofur. Ya ce, “Mama, menene sunansa?” Na ce ɗan gidan Malam Bala na Batagarawa. Ya ce, “Mama, masu Bala a soja sun fi ɗari. Sunansa na farko nake so.” Na ce, “Sunan surukina ne ag gare shi.” Ya ce, “Mama, ai ban san surukinki ba.”

Na buɗe baki, Suwaiba, wallahi na buɗe, sunan ya ƙi fita. Mutane na bayana suna jira. Wata mata ta matso ta faɗi sunan mijinta da lambarsa tiryan-tiryan, aka shigar da ita. Ni ina zaune. A nan na yi tunanin da ban taɓa yi ba: in yana cikin waɗanda aka rasa, haka za a karanta sunansa a nemi mai shi, a tarar an rubuta mamaci, ni kuma ina bakin ƙofa ban iya cewa nawa ne ba. Ya ce miki babu mai jiransa. To wa ya gaya masa akwai? Ni dai ban gaya masa ba. Na ɗauka leƙen taga ana ganinsa daga waje.

Sojan ya ga halin da nake ciki, ya miƙo mini biro da 'yar takarda ya ce, “To rubuta, Mama.” Na rubuta. Ya karanta da ƙarfi, ƙasa ba ta tsage ba. Wani hafsa ya duba ya ce ba ya cikin waɗanda aka kawo asibiti, iyakar abin da zai iya faɗa ke nan. Ya ce gada ce ruwa ya cinye a hanyarku, kuma jirgi zai kai maku magunguna ranar Talata, in ina da saƙo in kawo.

Na sake karanta takardarki da na dawo, a natse wannan karon. Ashe ba korarsa kike so ki yi ba, hanyar da ba tabo kike nema masa, ni ce na tsallake layin. Malamar makaranta guda. Ki yafe mini.

Ga tasa nan a ciki. Ban manne ta ba. Ki fara karantawa, ke ce likita, in akwai kalmar da za ta cutar da shi ki riƙe. Ban gaya wa Kulu ba, kada ke ma ki gaya mata.

Goggonki

*

Nu'uman,

Ni ce mahaifiyarka. Ina gaishe ka, ya jiki, ya cinyar?

An gaya mini abin da ka ji a rami. Ban sani ba ko muryata ce, Allah ne masani, kuma na gode masa da ba ka miƙe ba. Amma ka yi kuskure wuri ɗaya. Ka ce ban taɓa kiranka ba. Tun ranar da aka raɗa maka suna, babu sallar da na idar ban ambace ka ba, kai ne farko kafin ƙannenka. A zuci nake yi, shi ya sa ba ka ji ba. Laifina ne da na bar ka kana zato.

Ka ce za ka je wurin wa. Wurina. Ka sa hannu a takardar da 'yar'uwarka ta ba ka, ka kuma goge sunan Malam Bala, Allah ya jiƙansa, ka sa nawa: Hajara, Ƙofar Durbi.

Sau biyu ke nan na rubuta sunanka cikin kwana biyu, hannuna bai karye ba. Saura baki, shi kuwa ba zan faɗa wa takarda ba. In kana son ji da kunnenka, ka taho gida ka amsa.

Sansani
29 ga Agusta

Goggo,

Wa alaikumus salam. Kafin komai: yana raye, yana lafiya, ni ma haka. Harin da kika ji ba a wajenmu ba ne. Habibu ma lafiyarsa ƙalau, ya maƙale ne a wani gari bayan gadar da ta karye, a gaya wa matarsa.

Takardarki ta jirgi ta riga waccan ta fushin isowa da kwana biyu, don haka na sami ban haƙuri kafin in sami faɗan. Da ta fushin ta zo na karanta ta hankali kwance, har na ga wuraren da kike da gaskiya. Rubutun jarka ma na ba shi, yana sha. Ni ban taɓa faɗa da addu'a ba, tare muke aiki.

Ban riƙe ko kalma ɗaya ba. A bakin rijiya na same shi na miƙa masa. Ya goge hannunsa a wando ya buɗe, ya tsaya a kan kalmar farko ya daɗe bai wuce ta ba. Sa'annan ya ninke, ya sa a aljihun ƙirji, ya ci gaba da wanki. Na bar shi. A aikin nan na koyi cewa wani shirun ba a taɓa shi.

Washegari da safe, mutane na kallo, ya tako har tantin mahaukata ya zauna a kujera ta biyu. Ya ce, “Ranki ya daɗe, ina takardar?” Ya sa hannu. Ya nemi ɗayar ma, ya goge sunan Malam Bala da kansa. Kwamanda ya yi ɗan gunaguni ya sa nasa hannun. Bayan fitarsa wasu biyu suka leƙo, wai sun zo tambayar ko ina da maganin ciwon kai.

Kada ki ɗauka ya warke, Goggo. Zai yi shiru, zai firgita in an buga ƙofa, wata rana zai ƙi cin dakuwar ma. Kada ki tsare shi da tambaya, kuma ki tabbata yana zuwa asibiti duk Litinin. Amma ya karɓo takalminsa daga wanda ya ba, ya ce da shi zai shiga gida.

An gyara gadar. Ranar Alhamis zai taho a motar Habibu, in sha Allah kafin la'asar suna Katsina. Ya ba ni saƙo ɗaya, ya sa na maimaita har sau biyu don kada in sake yin irin ta kuku. Ya ce don Allah kada ki kira shi a zaure, kada kuma a gaban Kulu. Ki bari ya shigo ɗakinki ya durƙusa tukuna, don bai san yadda zai yi da fuskarsa ba, kuma wannan karon yana so ya amsa.

Taki,
Suwaiba